Ban Taɓa Ganin Bugun Mijina Ba

Edita, sallama gare ku da masu karanta wannan shafi. Ni 'yar Zariya ce, aikina harhaɗa magunguna, kuma yau shekarata goma ina aiki a wani asibiti a Madina. Lokacin da abin da zan faɗa ya faru ina da shekara talatin da huɗu, ina da miji da 'ya ɗaya mace, muna zaune a gidan haya a hawa na biyu a unguwar Ƙuba. Duk wanda ya san ni a lokacin zai ce mace ce mai natsuwa da sanin ya kamata, ni ma haka na ɗauki kaina. Na taso a gidan da ake auna mutum da takardar karatunsa. Mahaifina malamin jami'a ne, yayyena daga likita sai lauya, kuma idan aka yi baƙo a gidanmu, kafin ya gama shan ruwa an tambaye shi abin da ya karanta. Ban san na kwaso wannan hali ba sai da ya yi min ɓarnar da har yau ban gama gyarawa ba.

A Jos na haɗu da mijina, lokacin ina bautar ƙasa. Ya zo kantin magani sayen man zafi don wuyan hannunsa, na lura bayan hannunsa na hagu ya fi na dama haske sosai, na tambaye shi ko ƙuna ce. Ya yi murmushi ya ce safar hannu ce ta hana rana taɓa shi, shi ɗan wasan golf ne, wanda a rediyo ake ce wa ƙwallon lambu. Mahaifinsa mai ban ruwa ne a filin wasan. Tun yana ƙarami yake ɗaukar wa manyan mutane jakar sanduna, daga nan ya koyi bugu, har ya kai ana zuwa da shi gasa Legas da Kaduna da ƙasashen maƙwabta. Karatunsa bai wuce sakandare ba. Mutum ne mai sanyin magana, wanda idan kana yi masa bayani yake sauraro kamar ba shi da wani aiki a duniya. Gidanmu sun ja ƙafa, daga baya suka haƙura aka ɗaura. Shekara biyu muka yi a Jos ban taɓa taka filin nan ba. Nakan ce wurin maza ne da masu hannu da shuni, shi kuma bai taɓa matsa min ba.

Da na samu aikin Madina, 'yarmu tana da shekara ɗaya. Na yi zaton za a kai ruwa rana kafin ya yarda, amma a zama ɗaya ya ce ai zaman Madina ba abin da Musulmi zai tsaya yana ciniki a kai ba ne. Ya biyo ni a matsayin murafiƙ, wato a ƙarƙashin takardar zamana, ba shi da izinin yin aiki. Ko fita daga ƙasar zai yi, ni ce zan danna masa izini a wayata. A garin kuma babu filin ciyawar da zai yi wasa. Haka mutumin da ake tafa wa a Jos ya koma shi ne mai kai yarinya makaranta, mai sayo burodin tamis da safe, mai jirana a mota a ƙofar asibiti idan na tashi daga dawam, wato lokacin aikina. Ya koyi girki har miyar kukarsa ta fi tawa. Ranar Juma'a tun hantsi yake tafiya Harami don ya samu sahun gaba. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba, ni kuma na ɗauki rashin ƙorafin a matsayin ya manta da wasan.

Akwai taron da iyalan 'yan Najeriya ke yi duk wata a wani gidan shaƙatawa da ake haya a bayan gari, maza a sashensu, mata a namu. Yawancinsu likitoci ne da injiniyoyi da malaman jami'a. A zuwana na farko, wata babbar mace a cikinmu, matar wani babban likita, wadda kowa ke kira Anti, ta tambaye ni maigidan a wane asibiti yake. Na ce ai shi ɗan wasan golf ne. Ta ce to madalla, amma aikinsa take tambaya. Aka yi dariya. Yanzu da nake tunawa, dariyar ba ta mugunta ba ce, kuma na tabbata kafin a kawo shayi sun manta. Ni ce ban manta ba. Daga ranar duk wadda ta tambaye ni sai in ce yana harkar dabino, yana aikawa gida. Wata rana a mota ya ce min wani injiniya ya tambaye shi farashin dabinon ajwa, ya rasa abin da zai ce masa. Na ce kawai ya riƙa cewa kasuwa sai godiya. Ya dube ni ta madubi, ya ce to, ya ci gaba da tuƙi.

Abin da ban ba muhimmanci ba shi ne inda yake zuwa bayan sallar asuba. A masallacin unguwa ya saba da wani dattijo, Bahaushe haifaffen Madina, wanda kakanninsa suka zo aikin hajji da ƙafa suka zauna. Hausarsa tsohuwa ce, rabi Larabci, mukan ce masa Baba. Yana kula da wani tsohon lambun dabino a gefen Ƙuba. Shi ya ba mijina wuri a ƙarshen lambun, suka ɗaura raga tsakanin bishiyoyi biyu, ya shimfiɗa guntun kafet. A nan yake buga ƙwallo ɗari-ɗari kullum kafin rana ta yi zafi, Baba na zaune a kan bulo da butar shayinsa yana kallo, bai san kan wasan ba balle gindinsa. Sau ɗaya a wata ko biyu yakan hau mota zuwa bakin teku ko Riyad ya taka ciyawa ta gaske. Shekara biyar yana haka. Sau da yawa ya ce in zo lambun ko sau ɗaya in gani, tafiyar minti goma ce daga gida. Kullum ina da uzuri.

Yana da shekara talatin da bakwai ya ce min zai je gasar share fage, inda ɗaruruwan 'yan wasa ke neman 'yan guraben shiga babbar gasar ƙwararru da ake zagaya ƙasashe ana yi tsawon shekara. Wani da ya taɓa koya wa wasan a Jos ne ya ɗauki nauyinsa. Na danna masa izinin fita ina ganin zai je ya gwada ya dawo hankalinsa ya kwanta. Bayan kwana goma ya shigo gida ina kicin ina yanka albasa. Ya tsaya a bakin ƙofa da jakarsa a kafaɗa, ya ce ya samu, sun ba shi shekara guda cur. Har gobe ina jin nauyin abin da ya fito daga bakina. Na tambaye shi, to wa zai riƙa kai yarinya makaranta? Ya ce ya riga ya yi magana da direban da ke kai 'ya'yan maƙwabta. Ya ajiye jakar, ya wanke hannu, ya karɓi wuƙar ya ƙarasa yanka albasar.

Haka kakar wasan ta fara. Mako biyu yana wata ƙasa a Asiya, ya dawo kwana huɗu, ya wuce wata a Arewacin Afirka, ya zarce ƙasashen Larabawa na gabas. Yadda abin yake, kwana huɗu ake bugawa. Bayan kwana biyu sai a tankaɗe, kusan rabi a sallame su, sauran su ci gaba. A gasa huɗun farko duk an sallame shi a kwana na biyu. Kullum bayan ya tashi yakan turo min saƙon murya mai tsawo, minti bakwai, minti goma, yana ba ni labarin yadda iska ta juya masa a rami na sha huɗu, yadda ƙwallo ta leƙa rami ta fito, yadda ya yi sallar azahar a ɗakin canja kaya wani Bakoriye ya tsaya ya tare masa hanya kada a gitta. Nakan saurari minti ɗaya in rubuta masa Allah ya ba da sa'a. Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau: duk lokacin da aka sallame shi, sai in ji wani sanyi a raina. Ina so ya gaji ya dawo, gida ya koma yadda yake, ni ma in huta da ƙirƙirar sunayen garuruwan da ya je sayar da dabino.

A ɗaya daga cikin tarukan watan, 'yarmu, lokacin tana da shekara bakwai, ta gaya wa yaran da suke wasa tare cewa babanta yana buga ƙwallo a ƙasar waje kuma ana nuna shi a talabijin. Wata uwa ta ji, ta tambaye ni. Na yi dariya na ce surutun yara ne, yakan ɗan taɓa ne don motsa jiki idan ya je harkokinsa. Yarinyar ta dube ni, ta ce da Larabci, don shi ya fi zama a bakinta, wallahi ba ƙarya take yi ba. Na ce ta wuce ta ba mutane wuri. Na san ta gaya wa babanta a waya, don na ji tana kuka a ɗaki tana cewa Mama ta ce ita maƙaryaciya ce. Na jira ya yi min maganar, na ma shirya amsoshina. Bai taɓa tayarwa ba. Abin da na lura kawai, saƙonninsa sun fara gajarta.

Wajen tsakiyar shekara abin ya fara yi masa kyau, ya tsallake tankaɗe sau biyu a jere. Sai ga gasar ta zo ƙasar da muke, a wani fili da ke bakin teku kafin a kai Jidda, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba a jirgin ƙasan nan mai gudu. Ya dawo gida kwana uku kafin a fara. Bayan mun ci abinci ya ajiye katin shiga guda biyu masu igiyar ratayawa a kan tebur. Ya ce tun da muka yi aure bai taɓa roƙona wani abu ba, amma wannan yana roƙo. Ya ce bai san ko zai ƙara samun irin wannan shekarar ba, yana so ko sau ɗaya ya ɗaga kai ya ga matarsa da 'yarsa a bakin igiya cikin 'yan kallo. Na ce ranar Alhamis ina da aiki, Juma'a kuma ranar Harami ce, amma idan ya tsallake zuwa Asabar za mu zo. Na faɗi haka ne ina lissafin ba zai tsallake ba. Na kuma san sarai cewa a Asabar ɗin ake walimar saukar Alƙur'ani ta 'yar Anti, kuma ni ce mai kula da rabon abinci.

Ya tsallake, kuma sunansa na can sama a jerin. Da yammacin Juma'a ya kira, muryarsa kamar ta yaron da ya ci jarrabawa, ya ce akwai jirgin ƙarfe takwas na safe, zai sa a ɗauke mu a tasha. Na ce in sha Allahu. Na kwana da niyyar zuwa, Allah ya sani. Amma da gari ya waye na tsaya gaban madubi ina tunanin abin da zan ce wa Anti. Idan na ce zan je kallon wasan mijina, shekara biyar na ƙarya za su fito fili a rana ɗaya. Idan na ƙirƙiri rashin lafiya, yarinyar za ta tona. Na rubuta masa cewa walimar ta riƙe ni, amma gobe Lahadi ba fashi. Na kashe ƙarar wayar, na sa wa yarinyar kayan walima tana kuka tana riƙe da katinta, muka tafi.

Bayan azahar muna tsakar zuba shinkafa a faranti sai hayaniya ta tashi daga sashen maza. Can sai ga ɗan Anti ya leƙo da waya a hannu, ya ce babansa ya ce a nuna wa matar mai dabino, ai ga mijinta ana nunawa kai tsaye, ɗan Najeriya ɗaya tilo a gasar, kuma Turawan da ke sharhi sai ambaton Jos suke yi. Mata suka yi caa a kan wayar. Na leƙa ta kafaɗar wata. Bugun ya riga ya wuce, abin da na gani kawai shi ne yana tafiya a kan ciyawa cikin farar riga, teku a bayansa, yana ɗaga wa masu tafi hannu, kansa na juyawa gefe yana bin fuskokin da ke bakin igiya ɗaya bayan ɗaya. Daƙiƙa biyar ko shida ne, aka ɗauke hoton zuwa wani ɗan wasan. Aka fara yi min barka. Wata ta ce ashe da babban mutum muke zaune ban faɗa ba. Anti, wadda na shekara biyar ina gudun dariyarta, ta kama hannuna ta ce, ke kuwa 'yar nan me kike yi a nan da cokali a hannu mijinki na can? Ta ce da ta sani ai da kanta za ta kore ni. 'Yata na tsaye a gefe tana kallona.

Lahadi ranar aiki ce a nan, kuma da yake tun farko ban sa ran zai tsallake ba, ban nemi canjin dawam ba. Da sassafe na roƙi shugabar sashenmu, ta ce babu wanda zai tsaya min sai bayan azahar. Ina tashi na ɗauko yarinyar daga makaranta da kayan makarantar a jikinta, muka kama jirgin da muka samu. Duk hanya ina duba waya, ina ganin lambar ramin da yake tana ƙaruwa, sha biyu, sha huɗu, sha bakwai. Muna cikin tasi daga tasha aka rubuta ya kammala. Ya ƙare cikin goman farko, matsayin da bai taɓa kaiwa ba a rayuwarsa. Mun same shi a bayan ginin 'yan wasa, zaune a kan benci ya cire takalmi. Kusa da shi Baba ne, dattijon lambu, da jar fuska saboda rana, da lema a hannu. Ashe tun ranar Asabar ya sa jikansa ya saya masa tikitin jirgi, ya bi mijina rami goma sha takwas da ƙafa, kwana biyu, mutumin da ya haura saba'in. Da ya gan ni ya ce min, marhaba 'yata, ya ce shi dai bai gane lissafin ba, amma duk inda ya ga Nasara sun tafa shi ma sai ya ce masha Allah da ƙarfi.

Mijina ya ɗaga 'yarsa sama ya rungume ta, ya gaishe ni da sannu da hanya, ya tambaya ko mun ci abinci. Babu faɗa, babu ɗaure fuska. A jirgi muna komowa, Baba da yarinyar sun yi barci, na fara ba shi haƙuri ina kawo maganar walima da dawam. Ya bari na gama. Sannan ya ce ranar Asabar bai duba waya ba kafin ya fita, don haka bai ga saƙona ba. Ya ce tun daga ramin farko yake duba bakin igiya, duk mace mai baƙar abaya da yarinya sai gabansa ya faɗi, har mai ɗaukar masa jaka ya ce ya mai da hankalinsa kan ƙwallo. Ya ce a rami na tara ya daina dubawa. Na ce ai na gan shi a waya yana dubawa can wajen ƙarshe. Ya ce wataƙila wuyansa ne bai samu labari ba. Ya juya yana kallon duwatsu ta taga har muka shigo Madina.

Daga ranar na juya gaba ɗaya. Na zauna na saurari duk saƙonnin da ya turo tun farkon shekara, ɗaya bayan ɗaya, har na san sunayen sandunansa da abin da kowacce ke yi. Na riƙa bin sakamakonsa a wurin aiki. A taron wata kuwa ni ce mai ba da labarinsa, mazan ma da ya dawo suka riƙa jan shi gefe suna ɗaukar hoto. Na ce masa zan ɗauki hutu in bi shi gasa ta gaba duk inda take. Ya ce kada in wahalar da kaina, sauran duk nesa ne, ga makarantar yarinya. Wata rana na matsa, na ce ai yanzu ina alfahari da shi. Ya ce ya sani, kuma ya gode, amma ya lura sai da mutanen taro suka ba ni izini. Bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Sauran kakar ba ta yi masa daɗi ba. Ciwon wuyan hannun ya dawo, ya riƙa ɗaurewa yana bugawa a haka. Ni da nake ba mutane magani kullum, sai a bakin mai ɗaukar masa jaka na ji cewa wata biyu ke nan ba ya iya murɗa marfin gora da hannun hagu. Ana buƙatar ya ƙare shekara a cikin wani adadi na sama kafin a sabunta masa gurbi, ya faɗo ƙasa da layin da 'yan matakai kaɗan. Ya dawo gida, aka yi masa aiki a hannun, likita ya ce zai yi amfani da shi lafiya amma ba zai ƙara jure bugun gasa ba. Ranar da aka cire masa ɗauri ya je lambu ya kwance ragar da kansa, Baba ya ce a bar masa ita zai rufe dabino saboda tsuntsaye. Bayan wata shida aka kira shi daga Jos ya zo ya riƙa koyarwa a filin da ya taso. Ya ce min yana son Madina har ransa, amma ya gaji da zama mutumin da ba shi da amsa idan an tambaye shi abin da yake yi. Ya ce in na ga dama mu koma tare. Na ce ya ba ni shekara ɗaya in ƙarasa kwantiragi. Yau shekara uku ke nan ina sabuntawa, kuma in na ce aikin ne kaɗai ya riƙe ni na yi ƙarya. Tsoro nake ji in koma in zauna da shi gida ɗaya in tarar ladabin nan da yake yi min shi ne iyakar abin da ya rage.

Aurenmu na nan. Yana zuwa Umara da azumi ya yi mana wata guda, mu ma muna zuwa da dogon hutu. Yana kira kullum, ya tambayi lafiyata da karatun yarinya. A hutun bara na ɗauki mota ban gaya masa ba na tafi filin, karo na farko a rayuwata. Na tsaya nesa a ƙarƙashin wata bishiya. Yana koya wa wasu ma'aikatan banki biyu, yana gyara musu tsayuwa, in zai nuna sai ya ɗaga sandar zuwa ƙugu kawai ya sauke a hankali. Wani tsoho cikin masu gyaran ciyawa ya gane ni, ya zo muka gaisa. Na ce masa na zo ganin yadda maigidan ke bugu ne. Ya girgiza kai ya ce, Hajiya, ai wannan ba bugu ba ne. Ya ce da na gan shi lokacin da hannun ke da lafiya, idan ya saki ƙwallo har ma'aikata sukan ajiye tiyo su bi ta da kallo, kuma ƙarar kaɗai ta isa ka san shi ne ko kana bayan tudu. Ya tambaye ni, ai dai na sha gani a can ƙasashen waje ko? Na ce masa e.

Na rubuto ne saboda na san ba ni kaɗai ba ce. Akwai mata da maza da yawa, musamman mu da ke zaune a ƙasar mutane inda 'yan taron wata suka zame mana dangi, da muke rage wa abokan zamanmu tsawo don su shiga ma'aunin wasu. Mutanen da na ji wa kunya ba su taɓa rasa barci a kan sana'ar mijina ba, ni na ɗora wa kaina, na kuma ɗora masa, har na ƙaryata 'yar cikina a gaban jama'a. Idan mijinki ko matarka na da wani abu da ya iya, wanda idan yana maganarsa fuskarsa ke canjawa, ko ɗinki ne, ko kiwon tantabara, ko wasan da ba ki gane kansa ba, ki tashi ki je ki gani tun yana yi. Ba sai kin fahimta ba, tsayuwar ce ake bukata. Ni na ɗauka abin zai jira ni har in shirya, ga shi shekara ɗaya ce tak aka ba shi, ni kuma aka ba ni kwana huɗu a cikinta. Na sa hannu a takardar barin aiki a ƙarshen wannan shekara, ban gaya masa ba tukuna, kuma ban san abin da zan tarar ba. Wanda ya karanta wannan ya sa mu a addu'a.